Ƙaho, Allura da Shigowar Bazara: Tarihin Tattalin Lafiya a Garin Gombe

A ƙasar Gombe, kamar sauran ƙasashen da ke tsakanin kurmin kudu da bakin hamada, magabata ba su ɗauki ƙarewar hunturu da shigowar bazara a matsayin sauyin iska kawai ba, sun ɗauke shi lokaci ne da jikin ɗan Adam yake buƙatar tattali na musamman, domin a 'yan makonnin nan ne jiki yake fita daga sanyi mai busar da fata ya faɗa cikin zafi mai narkar da ƙarfi. Daga tsakiyar watan Fabrairu hazo yake fara janyewa, sanyin asuba ya ragu, rana ta soma ƙuna har zafinta ya riƙa taɓa digiri 40 a watannin Maris da Afrilu, kuma haka za a zauna har ruwan farko ya sauka a ƙarshen Afrilu ko cikin Mayu. Mutumin da aka fi nema a wannan tsakani, tun kafin zuwan asibiti, shi ne wanzami da askarsa da ƙahonsa. Sinawa ma, a can gabashin duniya, sun daɗe suna danganta farkon lokacin tohon itatuwa da wata jinya tasu ta tsira siraran allurai a jiki, wadda a yau ta bazu ko'ina. Idan aka jera waɗannan al'adu biyu, aka kuma ɗora su a kan abin da likitanci ya gano game da cututtukan rani, za a ga cewa magabata sun karanci lokaci daidai, ko da yake bayanin da suka bayar game da abin da ke faruwa a cikin jiki yana buƙatar gyara.

Gari da yanayinsa

Masarautar Gombe ta samo asali ne daga jihadin ƙarni na 19, lokacin da Modibbo Bubayero, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya karɓi tuta, ya kafa mulkinsa a kwarin kogin Gongola, ya gina hedikwatarsa a Gombe Abba wajen shekarar 1824, ya kuma rasu a 1841. Bayan Turawan Ingila sun ci ƙasar a 1902, aka kuma gwabza yaƙin Bormi a 1903 inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada, sai aka mayar da mazaunin sarki Nafada a 1913, daga nan aka dawo da shi Doma a 1919, wato inda garin Gombe yake a yau. Noman auduga da gyaɗa, da injin gurzar auduga da aka kafa a 1956, da layin dogo da ya iso a 1963, su ne suka jawo fatake da masu sana'a daga Kano da Katsina da Borno da sauran wurare, suka zauna tare da Fulani da Bolawa da Terawa da Jukunawa da Tangalawa, har Hausa ta zama harshen kasuwa da na unguwa. Wanzanci, wanda sana'a ce da aka fi saninta a hannun Hausawa da Barebari, yana cikin sana'o'in da suka bunƙasa tare da garin, domin duk inda aka yi haihuwa da suna da kaciya da aure, to akwai aikin wanzami. A ranar 1 ga Oktoba 1996 garin ya zama babban birnin sabuwar Jihar Gombe da aka cire daga Bauchi.

Manomin wannan ƙasa ya raba shekara gida huɗu: damina, lokacin ruwa da noma, kaka, lokacin girbi da wadata, ɗari ko hunturu, lokacin sanyi da hazo, sai bazara, lokacin zafi da sharar gona. Saboda watannin Musulunci suna zagayawa da kimanin kwana 11 a kowace shekara, ba su dace da lissafin noma ba, don haka malamai suka riƙe lissafin taurari da suka gada daga littattafan Larabci, wanda ya raba shekara zuwa taurari 28, kowane yana da kwana 13 in ban da guda ɗaya mai kwana 14, kowane yanayi kuma yana da taurari bakwai. Wanda bai iya wannan hisabi ba yana da nasa alamomin da ba sa ɓata: mangwaro ya zubar da fure ya fara 'ya'ya, itatuwan da suka kaɗe ganye su fara toho tun ba a ga ɗigon ruwa ba, rijiyoyi su yi ƙasa, guguwa ta riƙa tashi da tsakar rana, daga baya kuma shamuwa ta iso ta yi sheƙa, a san damina ta kusa. Waɗannan alamomi su ne suke gaya wa magidanci cewa lokaci ya yi da zai gyara fartanya, ya gyara rufin ɗaki, ya kuma gyara jikin da zai yi noman.

Sanyi, zafi da jini

Tunanin Bahaushe game da lafiya ya ginu ne a kan daidaito tsakanin sanyi da zafi, kamar yadda Lewis Wall ya nuna a littafinsa na 1988 a kan maganin Hausawa, bayan zaman da ya yi a wani ƙauye na ƙasar Katsina. Sanyi, a wannan fahimta, abu ne da yake shiga jiki ya kwanta a gaɓoɓi da ƙugu da ƙirji, ya haifar da mura da tari da ciwon ƙashi, shi ya sa ake yi wa mai jego wankan ruwan zafi, ake ba ta kunun kanwa da yaji. Jini kuwa ana ganin yana daskarewa a lokacin ɗari, wani sashensa ya lalace ya zama abin da ake kira mataccen jini, idan zafi ya shigo sai ya motsa ya taso kusa da fata, ya bayyana ta hanyar kasala da nauyin jiki da ciwon kai da ƙaiƙayi da ƙuraje da maruru. Maganin wannan, a ganin magabata, shi ne a fitar da shi kafin aikin gona ya kankama, kuma shi ya sa ba a cika yin ƙaho a tsakiyar sanyi ko ranar da gari ya yi lumshi ba, an fi son rana mai haske da hantsi mai ɗumi.

Wannan fahimta ta gargajiya ta haɗu da wata da ta zo a rubuce. Likitancin da malaman Musulunci suka gada daga Girkawa, wanda Ibn Sina, da ya rasu a 1037, ya tsara a babban littafinsa Alƙanun, yana cewa jiki ya ƙunshi ruwaye huɗu, wato jini da majina da ɗaci rawaya da ɗaci baƙi, kuma kowane yana rinjaye a wani yanayi na shekara, jini kuwa yanayinsa shi ne wanda Larabawa ke kira rabi'u, lokacin da sanyi ya wuce tsirrai suka farfaɗo. Ko da yake rabi'un Bagadaza da Dimashƙa lokaci ne na ni'ima, bazarar Gombe kuwa ta ƙuna ce, lissafin taurari ya sa su a mazauni ɗaya, don haka shawarar rage jini a rabi'u ta sauka daidai a kan al'adar yin ƙaho da bazara. Ibn Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, ya ƙara wa wannan ƙarfi a abin da ya rubuta kan maganin Annabi, inda ya bayyana cewa ƙaho ya fi dacewa da mutanen ƙasashe masu zafi fiye da tsaga jijiya, domin zafi yana jawo jini zuwa saman jiki. Shugabannin jihadin Sakkwato, waɗanda Gombe take ƙarƙashin tutarsu, sun ba wannan ilimi muhimmanci, musamman Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da ya rasu a 1837, wanda ya yi rubuce-rubuce a kan maganin Annabi da ciwon ido da basir da amfanin filasko.

Babban abin da ya ɗaukaka ƙaho a idon jama'a shi ne matsayinsa a sunna. Ya tabbata a Sahihul Buhari cewa an yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ƙaho, ya kuma biya wanda ya yi masa ladan aikinsa, kuma ya ambaci ƙaho tare da zuma da lalas a cikin abubuwan da ake samun waraka da su, sai dai ya hana al'ummarsa lalas. Wasu ruwayoyi a littattafan Tirmizi da Abu Dawuda sun ambaci ranakun 17 da 19 da 21 ga wata a matsayin waɗanda aka fi so. Ta haka ne lissafi biyu suka haɗu a kan aiki ɗaya: rana da taurari su suke zaɓar yanayin, wata kuma shi yake zaɓar ranar, sai ya zama tsakiyar watannin da suka faɗo a bazara su ne kasuwar wanzami.

Wanzami da zabirarsa

Wanzanci sana'a ce ta gado, ɗa yana koyonta a gaban mahaifinsa tun yana riƙe masa zabira, wato jakar fata mai aljihuna da ake zuba kayan aiki, har ya kai ga a ba shi aska ya fara da askin yara. Masu sana'ar suna da shugabansu, Sarkin Aska, wanda sarki ko hakimi yake naɗawa, shi yake sasanta rigimarsu, shi kuma yake wakiltarsu a fada. Kowane gida yana da wanzaminsa da ya gada, wanda ake kira ranar suna ya yi wa jariri aski, a da har da cire belu da tsagar gado, a sallame shi da kuɗi da hatsi da wani kaso na naman ragon suna. Shekarar wanzami tana bin shekarar manomi sau da ƙafa: da damina shi ma yana gona, da kaka bukukuwa suke yawaita, da ɗari ake yi wa yara kaciya saboda an lura miki ya fi saurin bushewa kuma akwai abincin jinya a rumbu, da bazara kuma ƙaho yake karɓar fage. Da yawa daga cikinsu sukan tafi cin rani da zabira a rataye, suna bin kasuwannin ƙauye da inuwar itatuwa, su dawo gida kafin shuka.

Yadda ake yin ƙahon bai sauya sosai ba tsawon zamani. Ana samun ƙahon sa ƙarami, a yanke shi, a goge bakinsa ya yi santsi, a huda tsininsa. Wanzami zai wanke wurin da za a yi, ya kafa ƙahon, ya zuƙe iskar da ke ciki da bakinsa, sannan ya toshe hudar da ɗan guntun jijiya da aka tausasa ko kakin zuma, sai ƙahon ya kama fata ya jawo ta ta kumbura. Bayan ɗan lokaci zai cire shi, ya yi ƙananan tsage marasa zurfi a kan kumburin da wata 'yar aska, ya sake kafa ƙahon ya zuƙa, jini ya taru a ciki, a juye shi a kan ƙasa ko a kasko, a maimaita sau biyu ko uku har jinin ya tsinke, daga nan a goge wurin a binne abin da aka fitar. Wuraren da aka fi kafawa su ne ƙeya da doron wuya da kafaɗu da gadon baya da ƙugu da gwiwa, kuma wanzami nagari ya san wanda ba a yi wa: mace mai ciki, da ƙaramin yaro, da tsohon da ƙarfinsa ya ƙare, da wanda ya kwana da yunwa. Bayan an gama akan ba mutum fura ko romo, a ce ya huta, kada ya shiga rana.

Ban da ƙaho akwai wasu ayyuka na huda fata da aka sani a wannan ƙasa. Akwai tsagar magani, wadda ake yi a kan wurin da ke ciwo, kamar gefen cikin yaron da saifarsa ta kumbura, a shafa garin magani a kai. Akwai sakiya, wato a gasa tsinken ƙarfe ya yi ja a huda kumburin da ya nuna domin mugunya ta fita. Akwai kuma lalas, wato ɗora ƙarfe mai zafi a fata, wanda makiyaya suke yi wa dabbobinsu har yau. Tare da waɗannan akwai tattalin ciki, domin da shigowar zafi akan sha jiƙon tsamiya da zoɓo da kunun tsamiya da fura da nono, masu jin nauyin ciki su sha filasko ko jiƙon maɗaci, a kuma koma kwana a tsakar gida. Dukkan wannan tsari ne guda, wanda manufarsa ita ce a shiga damina da jiki sakayau.

Allurar Sinawa

Jinyar tsira allura ta Sinawa tana da tsohon tarihi a rubuce, kuma tushenta shi ne littafin Huangdi Neijing, wanda aka harhaɗa wajen ƙarni na 2 zuwa na 1 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Littafin yana koyar da cewa akwai wani ƙarfin rai, da suke kira ci, wanda yake gudana ta wasu hanyoyi a cikin jiki, cuta kuma tana zuwa ne idan gudanar ta toshe ko ta rasa daidaito, sai a tsira allura a wasu gurabe sanannu domin a buɗe ta. Ya kuma haɗa kowane yanayi da wata gaɓa ta ciki, inda ya ba hanta lokacin tohon itatuwa, wanda a kalandarsu ta rana mai zango 24 yake farawa wajen 4 ga Fabrairu, ya shawarci mutane su tashi da wuri, su motsa jiki a wannan lokaci. A shekarar 1027 likitan fada Wang Weiyi ya sa aka ƙera mutum-mutumin tagulla mai ɗauke da guraben allura domin koyar da ɗalibai, amma a 1822 sarkin Sin ya cire wannan jinya daga makarantar likitancin fada, ba ta sake samun cikakkiyar martaba ba sai bayan 1949, lokacin da sabuwar gwamnati ta rungume ta saboda ƙarancin likitoci a karkara. Duniya ta waiwaye ta sosai bayan ɗan jaridar Amurka James Reston ya ba da labarin yadda aka yi masa ita a Beijin a 1971, kuma a 2010 hukumar UNESCO ta sa ta cikin jerin al'adun gado na ɗan Adam.

Kamannin da ke tsakanin wannan da aikin wanzami a fili suke. Dukansu suna ganin cuta a matsayin wani abu da ya tsaya a inda ya kamata ya gudana, dukansu suna neman ciki ta hanyar fata, dukansu kuma suna duba yanayi kafin su taɓa jiki. Sinawa ma sun san ƙaho, har masaninsu Ge Hong ya ambaci yin sa da ƙahon dabba tun ƙarni na 4, kuma suna da tasu jinyar ta ƙona wani ganye a kan fata ko kusa da ita, wadda ta yi kusa da lalas. Bambancin da ya fi muhimmanci shi ne Sinawa sun rubuta nasu, sun zana gurabensa, sun kafa masa makarantu da jarrabawa, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta daidaita sunayen gurabe 361, alhali ilimin wanzami ya zauna a ka da hannu, yana raguwa duk lokacin da wani dattijo ya kwanta dama. Jinyar allura ta shigo Afirka ne ta hannun tawagogin likitocin Sin, waɗanda suka fara da Aljeriya a 1963 suka iso Jamhuriyar Nijar a 1976, amma a arewacin Nijeriya ba ta yi saiwa a cikin jama'a ba, abin da ya fi shigowa kasuwanni daga Sin shi ne kofunan roba masu famfo da ake yin ƙaho da su.

Game da amfaninta, binciken zamani ya ba da amsa mai iyaka. Wani nazari da Andrew Vickers da abokan aikinsa suka buga a 2018, wanda ya tattara gwaje-gwaje 39 a kan marasa lafiya fiye da 20,000, ya nuna cewa tana rage daɗaɗɗen ciwon baya da wuya da gwiwa da ciwon kai, ragi matsakaici, amma masu ilimin sassan jiki ba su ga waɗancan hanyoyi na ci ba, kuma babu hujjar cewa tana kashe ƙwayar cuta. Hukuncin ƙaho ma kusan haka yake: akwai alamun yana sauƙaƙa ciwon baya da na wuya na ɗan lokaci, sai dai baƙin gudan da ake gani a cikin ƙaho jini ne na yau da kullum da ya daskare bayan ya fito, aikin tace dattin jini kuwa hanta da ƙoda ne suke yin sa dare da rana. A Turai ma an daɗe ana zubar da jinin marasa lafiya, har sai da likitan Faransa Pierre Louis ya ƙirga sakamakon a shekarun 1830, ya nuna cewa masu ciwon huhu ba sa samun amfanin da ake zato.

Abin da bazara take ɗauke da shi

Tsoron da magabata suke yi wa wannan lokaci yana da dalili mai ƙarfi, domin a cikinsa ne manyan annobai suke tashi. Agana, wadda ta makantar da mutane ta kuma cika maƙabartu, an san ta da zuwa da rani, haka ma ƙyanda da ƙarambau da ciwon ido. Mafi tsanani a yau shi ne sanƙarau, wato kumburin rigar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa da lakar baya, wanda wata ƙwayar bakteriya take haddasawa, tana bi ta numfashi daga mutum zuwa mutum. A 1963 likitan Faransa Léon Lapeyssonnie ya zana yankin da wannan cuta ta fi addaba, wanda a yau ya haɗa ƙasashe 26 daga Senegal zuwa Habasha, Gombe kuma tana cikinsa. Binciken da Brian Greenwood da abokan aikinsa suka yi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a shekarun 1970 ya nuna cewa cutar tana hauhawa ne idan iska ta bushe ƙarau, ta kai ƙololuwa a tsananin zafi, ta kuma faɗi da zarar ruwa ya sauka, abin da ake dangantawa da yadda ƙura da bushewa suke raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro, ga kuma cunkoso a ɗakunan da ba su da tagogi.

Tarihin wannan cuta a Nijeriya mai ɗaci ne. A 1996, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Gombe, annobar sanƙarau ta kama mutane fiye da 100,000 a ƙasar, ta kashe fiye da 11,000, galibinsu a Arewa. Allurar rigakafin MenAfriVac, wadda aka fara a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, ta iso Nijeriya a ƙarshen 2011, Gombe tana cikin jihohin farko da aka yi wa, kuma ta kusan kawar da nau'in A na ƙwayar. Sai dai wasu nau'o'in sun maye gurbinsa, kamar nau'in C da ya kashe fiye da mutum 1,100 a 2017, ya kuma sake ɓulla tsakanin Oktoba 2023 da Maris 2024 a jihohi bakwai har da Gombe, inda aka rasa rayuka 153, abin da ya sa Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar Men5CV mai kariya daga nau'o'i biyar. Agana kuwa, wadda babu tsaga ko jiƙon da ya taɓa tsayar da ita, lamba ce ta gama da ita: an fara gangamin yankin a 1967, aka ga mai ɗauke da ita na ƙarshe a Nijeriya a 1970, aka kuma bayyana kawar da ita daga duniya a 1980.

A nan ne haɗarin da ya fi kowane girma yake. Alamomin farko na sanƙarau su ne zazzaɓi mai zafi da matsanancin ciwon kai da sanƙarewar wuya da amai da ƙin haske, ga jarirai kuma kumburin maɗiga, kuma ciwon kai da nauyin wuya su ne ainihin abin da aka saba kai wa wanzami domin ya kafa ƙaho a ƙeya, a daidai watannin da cutar take yawo. Sanƙarau yana iya kisa cikin kwana ɗaya, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin shida da suka kamu da nau'insa na bakteriya yana mutuwa, ɗaya cikin biyar kuma yana tashi da nakasa kamar kurumta. Duk sa'ar da aka ɓata ana jiran a ga aikin ƙaho, an ɗebe ta ne daga lokacin da maganin asibiti yake buƙata.

Sana'ar a yau

Garin Gombe na yanzu yana da Asibitin Koyarwa na Tarayya, wanda ya fara a matsayin cibiyar lafiya ta tarayya a 1996 aka ɗaga darajarsa a 2014, da Asibitin Ƙwararru na jiha, da ɗakunan shan magani a unguwanni irin su Pantami da Bolari da Tudun Wada da Jekadafari, kuma shagunan aski na injin sun karɓe kawunan samari. Duk da haka ƙaho bai mutu ba, sabon suna ya samu da sabon kaya. Da yaɗuwar shagunan maganin Musulunci a 'yan shekarun nan, an koma kiransa hijama, ana yin sa da kofin roba da reza da safar hannu, mata suna yi wa mata a cikin gida, 'yan boko da ma'aikata da suka guje wa wanzamin gindin bishiya suna zuwa da kansu. Wannan sauyi ya kawo tsabta a wasu wurare, amma ya kawo kuma masu koyon kwana kaɗan da suke tallar cewa hijama tana warkar da ciwon suga da hawan jini da rashin haihuwa, alkawarin da tsohon wanzami bai taɓa ɗauka ba.

Matsalar da ta haɗa tsohon da sabon ita ce ƙarfen da yake taɓa jini. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna cewa kimanin kashi 8 cikin 100 na manyan 'yan Nijeriya suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B, da yawansu ba su sani ba, kuma wannan ƙwaya tana iya rayuwa a busasshen jini har mako guda, don haka aska ɗaya ko ƙaho ɗaya da aka goge da tsumma yana iya raba ta ga layin mutane, haka ma ciwon hanta nau'in C da cuta mai karya garkuwar jiki. Shi kansa wanzamin da yake zuƙa da baki yana cikin haɗari. Gwamnatin tarayya ta fitar da manufar maganin gargajiya a 2007, ta kuma buɗe masa sashe a Ma'aikatar Lafiya a 2018, amma takarda ba ta isa zabira ba sai an bi ta hannun masu sana'ar, kuma a nan ne sarautar Sarkin Aska da ƙungiyoyin wanzamai suke da amfanin da babu wani ofishi da zai maye gurbinsa, domin su ne suka san kowane mai aska da sunansa da unguwarsa.

Abin da tarihi ya tabbatar shi ne magabatan Gombe sun yi daidai da suka ware ƙarshen hunturu a matsayin lokacin gyaran jiki, kuma wannan gado ya cancanci a riƙe shi, a rubuta ilimin dattawan wanzamai tun suna raye kamar yadda Sinawa suka rubuta nasu. Wanda yake son ƙaho domin bin sunna ko domin sauƙin ciwon baya yana da damarsa, matuƙar reza sabuwa ce, kofin nasa ne shi kaɗai, mai yin aikin kuma ya san iyakarsa. Amma sunnar da ta yabi ƙaho ita ce kuma ta yi umarni da neman magani, don haka wajibi ne a kan masarauta da Ma'aikatar Lafiya ta jiha da malamai a kan mumbari su mayar da watan Fabrairu lokacin gangami, a horar da wanzamai da masu hijama su gane alamomin sanƙarau su tura mai su asibiti nan take, a yi musu allurar ciwon hanta, a kuma cika wa yara rigakafinsu kafin zafi ya tsananta. Magidancin da ya ga zazzaɓi ya haɗu da sanƙarewar wuya a gidansa, da rana ne ko da tsakar dare, kada ya jira wanzami, kada ya jira wayewar gari, ya nufi asibiti.